Shanu, Zango da Baƙi: Tarihin Filin da Kasuwar Sabon Gari ta Kano Take Zaune a Kai

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano a yau, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, abin da zai gani shi ne benaye da rumfuna da cunkoson jama'a masu magana da harsuna iri-iri. Da wuya ya kawo a ransa cewa wannan wuri, da Fagge da ke maƙwabtaka da shi, fili ne a da na saukar ayari da ɗaure raƙuma da kiwon dabbobi. Ni kaina a Fagge na tashi, amma ban san haka ba sai daga bakin kakana na wajen uwa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana koren shanu a ƙasa daga Kano zuwa Badun. Idan muka raka shi kasuwa yakan tsaya ya nuna wani layin shaguna da sandarsa, ya ce nan burtali ne, can kuma kududdufi ne da ake shayar da dabbobi. A lokacin muna ɗaukar maganar a matsayin hirar tsofaffi. Sai da na fara bin rubutattun tarihin Kano na gane cewa abin da yake nunawa da sanda wani babi ne da ba a cika rubutawa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun abubuwa biyu da suka daɗe suna tafiya tare a gabashin ganuwar Kano, wato dabba da baƙo, ta nuna yadda suka haɗu suka samar da Fagge da Sabon Gari da kasuwarta, sannan ta ja hankali ga shaidun wannan tarihi da suke salwanta a gabanmu.

Abin da Ƙasa da Duwatsu Suka Adana

Kiwon shanu ya girmi duk wata daula da muka sani a wannan yanki. Masu binciken kufai da suka yi tono a Gajiganna ta ƙasar Barno a shekarun 1990 sun sami ƙasusuwan shanu da awaki da tumaki na mutanen da suka zauna a wurin tun wajen shekara 1800 kafin miladiyya. Kafin su, Graham Connah ya tono tudun Daima a kusa da Tafkin Chadi a 1965 da 1966, inda ya sami 'yan gumakan shanu na yumɓu. A kusa da gida kuma, akwai zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda hankalin masana ya kai kansu a shekarun 1950. Birnin Kudu tana cikin Jihar Jigawa tun 1991, amma a tarihi ƙasar Kano ce. Abin lura a zanen shi ne akwai shanu masu dogon ƙaho marasa tozo. Wannan ya nuna cewa shanu masu tozo da muka saba gani, irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji, su ma baƙi ne da suka zo daga baya suka mamaye makiyaya.

A cikin Kano kanta, tonon da aka yi a Dutsen Dala ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 na miladiyya. Gari mai maƙera da manoma dole ya nemi nama da fata da nono da taki, makiyayi kuma dole ya nemi hatsi da ƙarfe da tufafi. A kan wannan buƙata ta juna aka gina duk abin da ya biyo baya.

Baƙi a Tarihin Sarakunan Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, cike yake da labarin zuwan baƙi. Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). An ce Abdullahi Burja (1438-1452) shi ne ya fara mallakar raƙuma, kuma a zamaninsa aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu (1452-1463) Fulani suka zo daga Mali da littattafai, gishirin Azbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka ƙaru. Sunayen unguwannin birni har yau suna ba da wannan shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, da Ayagi ta Yarabawa.

Amma ayari mai ɗaruruwan raƙuma ba ya shiga lungu. Yana buƙatar sarari da ruwa da ciyawa. Ruwayar da ta fi shahara ita ce Fagge ta samo asali a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) a matsayin zangon Buzaye da Azbinawa masu kawo gishiri da kanwa da dabino da dabbobi, kuma da yawa suna danganta sunan da kalmar fage. Wurin ya dace da wannan aiki, domin yana dab da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, ga kuma rafin Jakara da fadamarsa. Baƙo yana kusa da Kasuwar Kurmi, dabbarsa kuma ba ta shiga gonar kowa ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu 1851, ya biyo ayarin gishiri na Azbinawa ne, kuma ya ƙiyasta kayan ayarin na wannan shekara da kimanin kayan raƙumi 3,000.

Su kuwa Fulani makiyaya, yawansu ya kai ga sarauta ta sa musu ido. Sarki Kutumbi (1623-1648) shi ne aka ce ya fara karɓar jangali, inda ya karɓi shanu 100 daga Jahunawa, 70 daga Ba'awa, 50 daga Danejawa, da sauransu. Jangali nauyi ne, kuma yana cikin abubuwan da masu jihadi suka yi kuka da su. Duk da haka, karɓarsa yana nufin sarauta ta amince cewa makiyayi yana da wurin zama a ƙasa, yana da ardo, yana da burtali da mashaya. Bayan kusan shekara 160 da rasuwar Kutumbi, gidajen Fulani irin su Sulluɓawa da Yolawa da Danejawa da Joɓawa da Dambazawa suka jagoranci jihadin da ya kawo sauyin mulki a Kano a 1807. Baƙon jiya ya zama mai gari.

A ƙarshen ƙarni na 19 annobar bushiya ta ratsa Afirka, ta iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, ta share mafi yawan garkunan shanu. Makiyaya da yawa suka wayi gari ba ko maraƙi, wasu suka koma noma, wasu suka shigo garuruwa neman abin yi. Garkunan suna cikin farfaɗowa ne Turawa suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903.

Jirgin Ƙasa da Kafuwar Sabon Gari

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawa sun yi tsammanin auduga za su kwasa, sai gyaɗa ta yi rinjaye, fatu da ƙiraga suka biyo baya. Fatar jar akuya, wadda a da ake kaiwa ta Sahara har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko, ta juya ta bi taragu zuwa Ikko. Cibiyar ciniki ta fara gusawa daga Kurmi zuwa gabas, wajen tasha, wato dai tsohon filin zango da kiwo.

Jirgi ya zo da mutanensa: akawuna da masu buga waya da kafintoci da magina da direbobi, daga Saliyo da Gwalkwas (Gana ta yau) da ƙasar Yarabawa. A 1913 aka yanka musu fuloti a arewa maso gabas da Fagge, aka kira wurin Sabon Gari. Cikin mazauna na farko har da tsofaffin sojoji da leburorin dogo, da Nufawa da Hausawa masu yawa, abin da mutane sukan manta. A shekarun Yaƙin Duniya na Farko aka kafa kasuwar unguwar. Kwara, wato mutanen Sham da Lebanon, aka ba su Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake. Inyamurai, wato Ibo, sun fara zuwa da yawa ne bayan da dogon Gabas ya haɗu da na Arewa a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932.

A nan ne tsarin Turawa ya saɓa da na sarakunan da. A tsohon tsari, baƙo yana sauka a hannun Sarkin Zango ko fatoma, yana ƙarƙashin sarki da alƙali, yana aure a gari, bayan jika ɗaya ko biyu sai sunan unguwa kawai ya rage. A sabon tsari, an raba Sabon Gari da birni da gangan, an sa ta ƙarƙashin jami'in Bature, da dokarta da kotunta dabam. Sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da rabuwar ta riga ta yi saiwa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo an ba shi fuloti an hana shi cuɗanya, sai ya zauna bai tafi ba, bai kuma narke ba.

Fataucin Shanu: Kano da Badun

Yayin da mutanen Kudu suke sauka a Sabon Garin Kano, Hausawa suna sauka a Kudu, kuma shanu da goro ne suka kai su. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun domin Hausawa. Dalilin cinikin a fili yake. Ƙudan tsando da ciwon sammore ba sa barin shanu masu tozo su daɗe a kurmi, jama'ar can kuwa suna son nama. Saboda haka ake tara shanu daga kasuwannin kara na ƙasar Kano da Damagaram da Barno, wasu a loda su a taragu, wasu a kora su a ƙasa.

Kakana yana cikin masu kora. Ya ce tafiyar takan ci kwana arba'in ko fiye, ana bi ta Zariya a ƙetare Kwara a Jebba a faɗa Ilori. Mutum uku ko huɗu ne a kan garke, guzurinsu gari da ƙuli-ƙuli da kanwar shanu. Da an ƙetare kogi sai hankali ya tashi, domin daga nan saniya take fara ramewa, kowace rana ta jinkiri asara ce. Abin da ya fi maimaita mana shi ne, a duk shekarun da ya yi bai taɓa riƙe takardar yarjejeniya ba. Mai shanu yana Fagge, shanunsa suna Badun a hannun maigidan da wataƙila bai taɓa gani ba.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun a 1962 da 1963, ya bayyana yadda tsarin yake aiki, kuma bayaninsa ya yi daidai da na kakana. Ya ce ana sayar da kimanin shanu 75,000 a shekara a kasuwar Badun, mafi yawa bashi. Maigida shi ke saukar da falke, ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mahauci Bayarabe, a yi ciniki a ba da wa'adi. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in kuwa ya kasa, labari zai kai Arewa, ba wanda zai ƙara sauka a gidansa. Jarin maigida shi ne sunansa. Haka nan Bayarabe ko Ibo mai shago a Sabon Garin Kano yake karɓar kaya bashi daga kamfani ko daga ɗan'uwansa na Ikko ko Anaca, ya ba ɗan koli Bahaushe ya kai ƙauye. Unguwannin biyu tamkar tagwaye ne, kowace tana riƙe da bakin igiya ɗaya.

Gandun Kiwo na Turawa

A daidai wannan zamani, a wasu sassan duniya kiwo ya ɗauki wata hanya. A Amurka, garin Abilene ya zama tashar loda shanu a 1867, ana koro su daga Texas a sa a jirgi zuwa mayankan Chicago, kusan irin matsayin da Kano ta samu bayan 1912. Amma can, da aka ƙirƙiro waya mai ƙaya a shekarun 1870, sai baƙi 'yan kama-wuri-zauna suka killace daji, 'yan asalin ƙasa suka rasa filayensu. Haka aka yi a Ajantina da Kenya.

A Arewa an gwada. A 1914 wani kamfanin Ingila mai suna African Ranches Limited ya sami fili a Allagarno ta lardin Barno, da wani a Rigacikun kusa da Kaduna, da niyyar yin kiwo irin na Turai. Cututtukan shanu da tsadar gudanarwa da nisan kasuwa suka taru a kansa, kiwon bai yi riba ba, zuwa 1931 kamfanin ya zama tarihi. Bafillatani mai sanda da malafa, wanda ya san inda ruwa yake a watan bazara da inda ƙuda yake a damina, ya fi shinge iya fitar da saniya da arha. Bugu da ƙari, dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna a matsayin amanar 'yan ƙasa, abin da ya toshe ƙofar mallakar manyan filaye ga baƙin Turawa. Don haka baƙin da suka zo Kano 'yan kasuwa ne da ma'aikata. Dabba ta zauna a hannun makiyayi, ciniki ya zauna a hannun dillali da maigida.

Abin da gwamnati ta yi nasara a kai shi ne magani. Sashen kula da lafiyar dabbobi ya koma Vom a 1924, aka shiga yi wa shanu rigakafin bushiya. Cutar ta sake ɓarna a 1983, amma a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Jangali kuwa, wanda Kutumbi ya fara, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta sanar da soke shi tare da haraji a Jihar Kano a 1979. Sunan wannan gwamna ne kasuwar take ɗauke da shi a yau.

Lokutan Tsanani

Ba zai yiwu a rubuta tarihin wannan wuri a tsallake ranakun baƙin ciki ba. A watan Mayu 1953 rikicin siyasa ya ɓarke, aka yi kwanaki ana faɗa a tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutum fiye da 30 suka rasu. A 1966 an kashe mutanen Gabas da yawa, sauran suka bar gidajensu da shagunansu suka tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce wadda aka yi tun 1913. Amma ya kamata a rubuta ɗaya gefen ma. Bayan ƙare Yaƙin Basasa a 1970 mutanen Gabas sun dawo, kuma da yawa sun sami gidajensu. Na san wani dattijo mahauci a unguwarmu da ya riƙe mabuɗin shagon maƙwabcinsa har ya dawo, ya kuma ƙirga masa kuɗin haya. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi shi ma yana da ɗa a Sabo ta Badun.

Shaidun da Suke Salwanta

Shaida ta farko da ta rage ita ce sunayen tituna. Abeokuta da Warri da Aba da Enugu da Freetown da Gold Coast, kowane yana faɗin inda mazauna suka fito. Mutane da yawa suna zaton France Road sunan ƙasar Faransa ne, alhali sunan wani mutumin Gwalkwas ne da ya shugabanci unguwar a zamanin Turawa, kamar yadda titin Ballat Hughes yake ɗauke da sunan wani mutumin Saliyo. Duk lokacin da aka sauya sunan titi ba tare da an rubuta tsohon ba, an yage shafi ɗaya.

Shaida ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Wata rana ina wucewa a Fagge na tarar ana haƙa harsashin bene. Na leƙa ramin na ga ƙasar hawa-hawa: a sama ɓaraguzan siminti da leda, ƙasa da su fasassun kwalabe da gwangwanaye, can ƙasa kuma baƙar ƙasa mai toka da tsingaro da ƙasusuwan dabbobi. Kafin la'asar tifa ta kwashe komai. Da masanin kufai ya duba wannan rami, ƙashi zai gaya masa ko na raƙumi ne ko na saniya, da shekarun dabbar da aka yanka, tsingaro kuma ya nuna ko tukunyar ta gida ce ko ta baƙi. A watan Maris 2016 gobara ta cinye shaguna fiye da 3,000 a Kasuwar Sabon Gari. Bayan dukiya, an rasa tsofaffin rasitai da littattafan bashi da hotuna da iyalai suka gada, waɗanda su ne kundin tarihin kasuwar.

Shaida ta uku ita ce bakin dattawa. 'Yan koren shanu na ƙasa kusan sun ƙare, tirela ta gaje su. Sauran mahauta da dillalai na mayankar Ƙofar Mazugal, da na kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a da ta Dambatta ranar Lahadi, har yanzu akwai waɗanda suka san tsofaffin burtulla da sunayen zangunan hanya.

Kammalawa

Maganar killace kiwo ta sake tasowa a zamaninmu. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin Ruga sannan ta dakatar da shi, Jihar Kano ta fara nata a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Yanayi ya sauya, jama'a ta ƙaru, burtulla sun zama gonaki da gidaje, kuma ba mai cewa a koma zamanin Rumfa. Sai dai masu tsara waɗannan shirye-shirye za su amfana idan suka san abin da ya faru a Allagarno, da abin da ya riƙe cinikin Kano da Badun shekara da shekaru ba takarda.

Shawarata ita ce a yi abu uku tun da sauran lokaci. A naɗi hirar dattawan Fagge da Sabon Gari na kowace ƙabila. A tattara tsofaffin sunayen tituna da burtulla da kududdufai a kan taswira guda. Sannan a sa ƙa'ida cewa kafin a zuba harsashin babban gini a wannan yanki, a bai wa masanan kufai ko da mako guda su duba ramin, abin da aka samu a kai Gidan Makama. Kakana ya rasu da sauran abin da bai nuna mana ba, domin ba mu tambaye shi ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon adana abin da suka bari.